Tumbina a Kabarin Inna

Tumbina ya yi suna a unguwarmu Umbadda, ƙetaren kogi daga Khartoum. In na hau raksha, keken haya mai ƙafa uku, sai direba ya yi salati kafin ya tayar. Ni kuwa na ɗauka ƙarfi ne Allah ya tara mini a gaba, kuma haka kowa ya ɗauka.

Ciwon baya ya sa maiɗakina ta ja ni Khartoum, a shekarun da sojoji ke leƙa kowace mota a bakin gada. Likita ta ɗaga hoton bayana a haske, ta ce kitsen ciki ba abokin ƙashi ba ne, ga maza ga mata. Nawa ƙashin ya zama kamar raken da aka tsotse. Kada in ɗauki nauyi, kada in dira. A hanya na rantsar da maiɗakina kada maganar ta fita.

Ba a yi wata biyu ba Inna ta rasu. Ni ne ɗan farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba saboda kunya, amma ta bar wasiyya ni zan sa ta a kabari da hannuna.

Za a fita da ita a kan gadon igiya, maiɗakina ta riƙo jallabiyata a bakin ƙofa. “Alhaji, ka bar wa ƙaninka.” Na zare hannunta.

A maƙabarta ban dira ba. Na zauna a bakin ramin, na sulala kamar buhun dawa. Mutane suka ɗauka baƙin ciki ne. Ƙanina ya tambaya ko ya sauko ya taya ni, wani dattijo ya ce mai wannan tumbin ai raƙumi ma zai tallaba.

Aka miƙo ta. Inna ba ta da jiki, amma tana sauka a hannuna na ji wani abu ya ce ƙas a bayana. Zufa ta karyo mini. In na saki, ta faɗi. Na cije leɓe, na durƙusa a hankali, na kwantar da ita a gefen dama, na fuskantar da ita alƙibla.

Sai tashi ya gagara.

“Yaya, fito mana.”

“Ku ciro ni,” na ce, “kada ku rufe mu biyu.”

Mutum shida suka jawo ni da rawani. A gadon da ya kai Inna aka mai da ni gida, na yi wata uku a kansa.