Ranar da Ƙullun Suwaibatu Ya Wuce

Duk wanda ya taɓa karya kumallo a bakin tashar Ƙanƙara ya san wainar Suwaibatu. Shekara goma sha bakwai ke nan tana zaune gaban tanda, tun rasuwar mijinta, kuma da tandar ta aurar da 'ya'ya biyu. Mace ce mai sanyin hali, ba ta cika magana ba.

Wata Asabar Hajiya Hamida, matar wani dillalin masara, ta ba ta aikin wainar walimar saukar 'yarta, a kai washegari bayan la'asar. Aiki ne babba, irin wanda in ya yi kyau yake jawo wasu. Suwaibatu ta jiƙa shinkafa, ta kai niƙa, da asuba ta haɗa ƙullu ta rufe. Ta san ƙullunta kamar yunwar cikinta: a zafin bazara, in ya wuce azahar bai ga wuta ba, ya tashi daga aiki.

Man gyada ne bai isa ba. Maƙwabciyarta ta yi ta zuga ta, wai sabon kantin nan na bakin titi araha yake kamar kyauta, jarka guda sai ta ci ribar kwana uku. Suwaibatu ta ɗauki mayafi da hantsi, a zatonta shiga ce da fita.

Ɗaukar man bai ɗauki lokaci ba. Biyan kuɗin ne tashin hankali. Teburi huɗu, ma'aikaci ɗaya. Layin ya zagaye buhunan sukari har ya dawo bakin ƙofa, fanka ba ta juyawa, warin gumi ya gauraye da na kifin da ya narke a firji, ruwansa na bin ƙafafun mutane. Rabin layin ma ba mutane ba ne. Takalma ne da kwanduna da duwatsu da aka jera su riƙe wuri, masu su na inuwa suna hira. Da an matsa, sai mai takalmi ya ɓullo da ƙannensa biyu.

Ta yi wa ma'aikacin magana a hankali, ta ce ƙullu ta baro. Bai ɗago ba.

"Inna, kowa nan da abin da ya baro. Araha kika zo nema, ai sai haƙuri."

Sau biyu ta yi niyyar ajiye jarkar, sau biyu ta tuna tsayuwar da ta riga ta sha, ta fasa. Saura mutum uku na'urar biyan kuɗin kantin ta ce babu sabis. Tana nan tsaye aka kira azahar.

Sai da azahar ta gota sosai ta samu ta biya, ta koma gida. Tun daga zaure tsamin ya tare ta. Ƙullun ya ture murfi ya malale ƙasa, ƙudaje sun yi masa baƙi. Ta zuba kanwa a abin da ya rage, ta soya ɗaya ta ɗanɗana, ta tofar.

Da ƙafarta ta je ta gaya wa Hajiya Hamida. Hajiyar ba ta yi faɗa ba. Ta dube ta, ta ce Allah ya kiyaye gaba, sannan a gabanta ta aika a kira wata mai waina ta unguwar gabas, ta ce a gaya mata har wainar bikin da za su yi wata mai zuwa ita za ta yi.