Littafin Inna da na ɓoye a jakata

Lokacin da nake ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya, ni yarinya ce marar magana. Ko malami ya yi tambayar da na san amsarta, sai in rubuta a gefen littafi in yi shiru. Abin da aka san ni da shi kawai shi ne kyan rubutu da bin ƙa'ida. Da daminar shekarar aka tura ni koyon aiki a ƙaramin asibitin ƙungiyar gari, a wani ƙauye bayan Basirka. Ɗaki biyu ne da rumfa. Mai riƙe da shi wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ce da kowa ke kira Inna.

Matan ƙauyen ba sa zuwa asibiti haihuwa. In naƙuda ta tashi, miji ne ke zuwa da babur ya ɗauki Inna ta karɓi haihuwar a ɗaka. Duk wadda ta duba sai ta rubuta a wani littafin 'yan firamare da ke cikin jakar kayan aikinta. Ruwan sama ya jiƙa shi, tawada ta watse, wani wurin ma babu suna, sai dai matar mai shayi ko amaryar gidan liman.

Ana nan sai labari ya zo cewa majalisar jiha na shirin yin dokar da za ta tsayar da kason da gwamnati za ta riƙa ba irin waɗannan asibitoci. Asibitin da ke karɓar haihuwa zai samu abin da zai isa a riƙe ungozoma, wanda ke ba da magani kawai kuwa nasa kaɗan ne. Kwamiti zai zagayo ya duba rajista. Inna ta tattaro takardu duka har da littafin nan, ta ce tunda Allah ya kawo mata mai kyan rubutu, in kwashe komai a sabuwar rajista. A makaranta an koya mana kada a shigar da kowa sai da cikakken suna da lambar kati da kwanan wata. Na buɗe littafin Inna, na ga kusan babu shafin da ya cika ƙa'ida. Kunya ta hana ni tambayarta, kada ta ga kamar ina raina aikinta. Sai na tsallake shi baki ɗaya, na jefa a jakata.

Ranar da kwamitin ya zo, aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, mai gari da dattawan ƙungiya suka hallara. Shugaban kwamitin ya buɗe rajista ya yaba rubutun, har ya tambaya wace ce ta yi. Ya ci gaba da buɗe shafuka, sai na ga ya daina murmushi. Ya tambayi Inna ko dai ba a haihuwa a garin nan ne. Ta yi dariya, ta nuna masa yaran da ke leƙe ta jikin danga, ta ce ya zaɓi wanda ya ga dama, a hannunta ya faɗo. Ya ce ya yarda da ita, amma majalisa ba ta ƙirga yara a jikin danga, takarda take karantawa. Inna ta juyo ta dube ni. Kowa ya dube ni. Littafin na cikin jakata ƙarƙashin hijabi, ina jin gefensa a cinyata. Na tuna dattin da ke jikinsa, na tuna yabon da aka yi mini yanzu-yanzu a gaban maza. Da ƙyar na ce duk abin da ya cika ƙa'ida yana cikin rajista. Shugaban ya rubuta wani abu, ya rufe fayil.

Kwana tara ina fama da kaina kafin na hau mota zuwa Birnin Kudu, inda kwamitin ke zamansa na ƙarshe. Akawun kwamitin ya duba littafin ya girgiza kai, ya ce rahoton yankinmu ya riga ya tafi, sai lokacin bita. Asibitin ya faɗa ƙaramin aji. Ƙungiya ta kasa riƙe Inna, ta samu gurbi a Gwaram. Kafin kaka, matar mai shayin nan ta haihu a kan hanya, an ɗauko ta a babur za a kai ta can. Ita ta rayu, jaririn bai zo da rai ba. Na san rai na Allah ne, amma na san abin da ke cikin jakata ranar.

Da na je Gwaram na faɗa wa Inna gaskiya, na zaci za ta yi mini faɗa. Ba ta yi ba. Ta karɓi littafin ta buɗe shafin ƙarshe, ta ce ai nemansa take ta yi a cikin takardun da na mayar mata, don a nan ta rubuta matan da watansu ya kusa.

Na rubuto ne saboda masu irin halina. Na daɗe ina ɗaukar shiruna a matsayin ladabi, ashe ranar kaina kawai nake karewa. Duk wanda aka ba amanar rubuta aikin wani, in ya ga abin da bai gane ba ya tambaya tun da wuri. In kuma an tambaye shi a gaban manya, ya fito da takardar komai dattinta, ko da muryarsa na rawa.