Dutsen da Ban Ɗauka Ba

Kawu Amansiyo mai bammi ne a ƙauyenmu, can cikin gonakin koko na tsibirin Sao Tome. Gajere ne, ƙafafunsa sun lanƙwashe saboda hawan kwakwa. Shi ya riƙe ni bayan mahaifiyata, ƙanwarsa, ta zame a hanyar magangarar ruwa da kwandon wanki a ka, ba ta tashi ba.

Tafiyar ba ta kai rabin awa ba, amma taɓo ne da santsi. Tun daga ranar da ta rasu, Kawu bai sake hawa hanyar hannu rabbana ba. Kullum sai ya ɗauki dutse a bakin rafi ya dasa inda taɓon ya fi muni. Aka yi masa dariya, daga baya kowa ya bi sahu. Yau ko akuyarka ce ta ɓata a can, sai ka hau da dutsenka.

Ni kuwa na zama malami a birni, kaina ya kumbura. Wata Asabar na kawo abokan aikina su ga magangarar ruwan, har da shugabar makarantarmu, Dona Leopoldina. Farin wando na saka, don neman suna. Muna isa bakin rafi sai ga Kawu, ba riga, igiyar hawa a kafaɗa, yana warin bammi.

"Wane ne wannan?" in ji Dona Leopoldina.

"Wani tsoho ne na nan," na ce. "Duwatsu yake tarawa, sai haƙuri."

Ya ji ni sarai. Ya dubi wandona, ya dubi hannuwana, ya sunkuya ya ɗauki dutse biyu, ya wuce gaba. Muka bi shi muna taka aikinsa na shekara ashirin da shida, ni ina ta zuba wa baƙi bayanin tsuntsaye kamar na san su.

Dab da ruwan, inda feshi ke jiƙa mutum, ya durƙusa ya dasa su. Dona Leopoldina ta ɗaga murya saboda rugugin ruwan:

"Baba, kowa ɗaya na ga yana ɗauka. Kai biyu? Ko ƙarfi ne ya yi maka yawa?"

"Ina fa ƙarfi, 'yata, ƙashi ne kawai da taurin kai," in ji shi. "Ɗaya nawa. Ɗayan na ɗan ƙanwata ne, a nan uwarsa ta faɗi. Malami ne a birni, hannunsa na alli ne. Nakan ɗaukar masa, kada a ce ya manta."

"Ɗan albarka dai ya yi dacen kawu," ta ce.

Ko kallon inda nake bai yi ba. Da ya tona ni, da na ji sauƙi. Kunya ta rufe ni, kuma duk da haka ban ce ni ne ɗan ƙanwar ba.

Bara aka binne shi. Yanzu biyu nake ɗauka, kuma har yau ba wanda ya tambaye ni na wane ne ɗayan.