Atamfa Mace Ce, Yadi Namiji

Shekarun baya, wata Asabar da ƙarfe goma na safe, Madam ta tsaya a bakin ƙofar shago, jaka a kafaɗa, waya a kunne. Ta nuna teburin yanka da leɓe ta ce mini, "Farfesa, ki sa shi a ƙasa, ɗayan a sama. Na riga na sa zare." Ta faɗa a-daidaita-sahu ta tafi, za ta jana'iza a garin Mutum Biyu. Daga wannan "shi" ɗin komai ya fara karkacewa.

Lokacin ina aji biyu a jami'a, ina karanta Hausa, malamai suka tafi yajin aiki. Mahaifiyata ta gaji da ganina a ɗaki da littafi, ta kai ni wurin ƙawarta mai ɗinkin barguna a unguwar Sarkin Dawaki cikin Jalingo. Madam 'yar ƙabilar Mumuye ce, mai dariya da ƙarfi. Ita ta laƙaba mini Farfesa, saboda ba na magana sai an tambaye ni, in kuma na yi sai ka ce ina karanta labarai a rediyo.

Abin alfaharin shagon wani keken ɗinki ne mai dogon hannu, da ke yawo a kan dogon tebur mai sanduna masu juyawa. Ba a tura masa yadi, shi ake turawa a kan yadin. Saboda haka rabin aikin yana wurin ɗaurawa. Ana fara ɗaura ƙyallen ƙasa, fuskarsa na kallon ƙasa, a kafe bakinsa da fil daga tsakiya zuwa gefe, a naɗe a hankali. Sai a shimfiɗa auduga, sannan ƙyallen sama. A nan na yi suna. Sauran 'yan koyo sukan gaji da fil, ni kuwa ina iya wuni ina jera su kamar ina gyara rubutu.

A kan teburin ranar akwai ƙyalle biyu. Ɗaya sabon yadi ne shuɗi, ɗaya kuma tsofaffin zannuwan atamfa biyu masu ruwan ɗorawa da aka haɗe, sun sha wanki har sun yi laushi. Wata dattijuwa daga Lau, tsohuwar nas, ita ta kawo. Zannuwan marigayiya mahaifiyarta ne, su kaɗai suka rage mata.

Na tsaya ina kallonsu. Wanne ne "shi"? Lambar Madam tana wayata in kira, amma kunyar kiran babba tana hanyar jana'iza ta hana ni. Sai na koma ga abin da na iya. Atamfa mace ce, yadi namiji. Da atamfa take nufi da ta ce "ki sa ta". Na ji daɗin kaina ƙwarai. Abin da ban tuna ba shi ne, tunda na zo shagon ban taɓa jin Madam ta ce "ta" ba. Ni kaina "shi" take ce mini in tana ba da labarina.

Na ɗaura yadi a ƙasa, na ɗora atamfa a sama. Wuta ta zauna ranar, na ja keke ina zana igiyar ruwa layi bayan layi. Na lura zaren sama shuɗi ne, yana fitowa fili a kan ruwan ɗorawar, amma na ce wa kaina Madam ta san abin da take yi.

Da la'asar ta dawo, ta tarar saura kaɗan in gama. Ta ajiye jaka a hankali.

"Farfesa, me na ce miki?"

"Kin ce in sa shi a ƙasa, Madam."

"Eh, shi. Atamfa."

Ashe dattijuwar ta roƙa ne a sa zanen a ciki, ɓangaren da zai taɓa jiki, da zare mai launinsa wanda ba za a gani ba. Shi ya sa Madam ta sa ruwan ɗorawa a zaren ƙasa, shuɗi a sama. Yanzu ga shuɗin zare ya ratsa zanen marigayiya daga kai har ƙafa.

Madam ta ɗauki reza ta gwada warware ɗinki ɗaya a gefe. Tsohon ƙyallen ya buɗe ƙaramin rami nan take. Ta ajiye rezar.

"Ba zai warwaru ba. Ki gama shi. In mai shi ya zo ran Talata, ke za ki yi bayani da wannan Hausan naki na rediyo."

Daga Asabar zuwa Talata ban ci abincin kirki ba. Mahaifiyata ta zaci zazzaɓi ne. Na tsara jawabin neman gafara a kaina, na gyara, na sake gyarawa.

Dattijuwar ta zo da hantsi. Muka shimfiɗa bargon a kan tebur. Ta daɗe tana bin shuɗin layin da yatsa. Jawabina duk ya gudu. Sai ta kama gefen bargon ta juya shi, yadi ya koma sama, atamfa ta koma ƙasa. Ta ɗauka ta yafa a kafaɗarta cikin wannan zafin na Jalingo, ta rufe ido.

"To ga shi a ciki," in ji ta. "Mene ne matsala?"

Madam ta ce, "Zaren fa, Mama."

"Zaren ya yi. Idona ya mutu yanzu, gara wanda zan gani."

Madam ta fashe da dariya har tana dafa tebur. Ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni. Na yi kwanaki ina ɗauke da sama da ƙasa a kaina, ban taɓa tunanin bargo abin juyawa ba ne.

Na zauna a shagon har aka janye yajin aiki, kuma duk hutu ina komawa. Har yau in aka ba ni aiki nakan ɗaga abin in tambaya, "Wannan?" Kunyar ba ta tafi ba, amma ta daina yanke mini hukunci. Na kuma daina gyara wa mutanen garinmu Hausa a zuciyata, abin da na daɗe ina yi ba wanda ya sani.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne abin da ya faru da na raka dattijuwar bakin titi, ina riƙe mata bargon. Ta tambaye ni yadda aka yi na rikice. Na sunkuyar da kai na yi mata bayanin jinsi, cewa atamfa "ita" ce, ba "shi" ba. Na ƙara da cewa, "Ko ba haka ba ne, Mama?"

Ta karɓi bargon ta rungume a ƙirji.

"'Yata, ni ban sani ba. Mamana ma shi nake ce mishi. Kuma bai taɓa ƙin amsa ni ba."