Malama Intisar, Mai Tambayar Da Ba A So

Kafin mai gadi ya buɗe ƙofar makarantar 'yan mata ta unguwarmu a Karak, Malama Intisar ta riga ta iso tana jiransa cikin tsohuwar motarta. Da ta shiga ɗan ofishinta na ƙarƙashin bene sai ta ɗora shayi, ta hau bin sanarwar tallafin karatun jami'a ɗaya bayan ɗaya, fuska a murtuke kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Watan nan za ta yi ritaya, kuma har yau ba ta koyi yarda da magana a karon farko ba.

Ɗaliba ta shigo da murnar ta samo tallafi, abin da za ta fara ji shi ne, “Wa ya faɗa miki? Shi a ina ya ji? Sun ce ki fara biyan wani abu?” Wata shekara wani mutum mai tsadadden kwat ya zo yana raba alkawarin gurbin karatu a waje, iyaye suna ta yanka masa rago. Ita ko gahawa ba ta ba shi ba. Cewa ta yi ya ba ta lambar uwar yaro ɗaya da ya taɓa turawa. Ya ce zai kawo gobe, ba a sake ganinsa ba.

Ita ma ba ta tsira ba. An daɗe ana raɗa a layin sayen burodi cewa ba banza take wannan wahala ba, ana cire mata kasonta. Ta ji, ba ta taɓa tankawa ba.

Labarin Rawan ne ya rufe bakin mutane. Yarinya ce mai ƙoƙari, marainiya, ta shekara tana neman tallafin karanta ilimin haɗa magunguna a Amman. Ranar nan ta leƙo ofis ta ce, “Ba su ɗauke ni ba, Malama. Allah bai yi ba.” Har da ɗan murmushi.

Murmushin ne bai kwanta wa Malama Intisar ba. Ta sha ganin waɗanda aka hana, kuka suke yi ko su tambayi dalili. Zarginta ya tafi kan mazan gidan. Da la'asar ta ƙwanƙwasa musu ƙofa, ta tarar da uwar, Ummu Muhannad, a kishingiɗe, dawowarta ke nan daga wankin ƙoda.

“Ummu Muhannad, ki faɗa min gaskiya, wa ya hana yarinyar nan tafiya? Yayanta da ke Akaba ko baffanta?”

“Wace tafiya kuma? Ce min ta yi ba su ɗauke ta ba.”

Rawan na tsaye bakin ƙofa da farantin shayi. Malama ta zuba mata ido har ta sunkuyar da kai.

“Sun kira ni ganawa,” in ji Rawan. “Ni na ce musu na fasa. In na tafi, Umma, wa zai riƙa kai ki asibiti?”

Uwar ta yunƙura ta zauna. “Wato ciwona kika maida katanga, ko shawara babu?”

“Ni zan riƙa kai ta,” in ji Malama Intisar.

Ummu Muhannad ta kalle ta a kaikaice, don ita ma raɗar ta iso kunnenta. “Ke kuma me za ki samu a ciki?”

“Mitar da za ki riƙa yi min a mota, 'yar'uwa. Ban ga wata riba ba.”

Masu ba da tallafin ma sai da suka yi shakka, don ba su ga dalilin amince wa wadda ta janye da bakinta ba. Malama ta hau mota har Amman, ta zauna gabansu ta faɗi abin da ya faru ba ƙari. Suka ba Rawan dama, ta kuma ci.

Daga nan, duk ranar wankin ƙoda, tsohuwar motar na ƙofar gidan, ko ana ruwa ko ana sanyi. Da maƙwabta suka gaji da jiran ranar da za ta gaji, sai suka fara karɓarta, su ma suna kai Ummu Muhannad asibiti wasu ranakun. Ummu Muhannad ta rasu ana saura 'yan watanni Rawan ta gama. Ranar yaye ɗalibai, Malama Intisar ce ta zauna a kujerar iyaye.

Ke ce wannan, Malama, uwar 'ya'yan wasu. Ke ce kika ɗauki baƙin jinin tambaya don kada a cuci yaranmu, kada kuma su cuci kansu saboda tausayinmu. Mun zarge ki, kika bar aikinki ya ba mu amsa. Ki yafe mana, Allah Ya saka miki da alheri, Ya sa ki huta lafiya.

Sauranmu kuwa, kada mu jira sai an turo wata irinta. A layinku akwai yaron da ya haƙura da burinsa a ɓoye don kada ya ɗora wa kowa nauyi. A tashi a ƙwanƙwasa ƙofar.