Mai Karanta wa Direba Jarida

Kawuna tela ne, amma a layinmu an fi saninsa da karanta wa Direba jarida.

Direba maƙwabcinsa ne, tsohon matuƙin babbar mota wanda ciwon suga ya cinye wa idanu. Tun ina ƙarami, da la'asar ta yi Kawu zai ɗage ƙafa daga kan keken ɗinki, ya kakkaɓe zare daga rigarsa, su zauna a bencin ƙofar shago. Shafin kimiyya da lafiya Direba ya fi so, wai ko wata rana za a ce an gano maganin idonsa.

Kawu ba ya karatu tsura. Sai ya cusa nasa a ciki, murya ɗaya, ko murmushi ba ya yi.

"Masana sun harba na'ura duniyar wata," zai ce. "Sun kuma roƙi tsofaffin direbobi su rage cika baki, tunda ba su taɓa kai kaya can ba."

"Tela, haka aka rubuta?"

"Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Karɓi ka duba."

"Allah ya shirye ka."

A bana 'yar Direba ta kawo masa waya mai sabuwar manhajar nan da ake ta labarinta, wadda ke karanta wa makafi rubutu. Kawu ya yaba, ya ce ci gaba ne. Washegari da la'asar bai fito ba. Daga cikin shago yana jin muryar wayar, ta mace ce, ba ta gargada, ba ta tsayawa neman tabarau. Ya ci gaba da taka keke har magariba. Jaridar kuwa bai daina saye ba, tana ninke a ƙarƙashin almakashi. Da na yi masa magana, ya ce, "Ta fi ni iya karatu, ɗana. In je in yi me?"

Ran nan sai ga sandar Direba tana ƙwanƙwasa ƙofar shago.

"Tela, mutuwa ka yi ba a gaya mini ba?"

"Ai ka yi sabuwar malama."

"Malamar nan rowa gare ta. Kwana da kwanaki tana karanta mini labarin masana, ko sau ɗaya ba su ambace ni ba. Da kuwa kullum sai sun tsokane ni."

Kawu ya tsayar da keke. "Ka dai san ni nake ƙarawa."

"Ido na rasa, ba hankali ba. Fito."

Suka zauna, wayar a tsakiyarsu. Ta karanta labarin wata sabuwar allurar rigakafi har ƙarshe, tsaf. Direba ya laluba ya tsayar da ita, ya juyo wajen Kawu.

"To, me ta tsallake?"

Kawu ya buɗe jaridarsa, ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya.

"Likitoci sun ce allurar ba ta kama mai taurin kai."