Rigar Sanyin Motar Maigida

Maigidana dabino yake ɗaukowa daga Khaibar, ya raba wa masu rumfuna a gindin dutsen Uhudu, inda baƙi ke tsayawa saye bayan ziyara. Motarsa tsohuwar wanit ce, irin mai buɗaɗɗen bayan nan da mutanen Kano ke ce wa a-kori-kura. Ta girmi babbar 'yarmu. In ta yi tari da safe, kafin la'asar tana wurin makanike. Ni in na yi tari, sai ya ce in dafa na'ana'a in sha.

Mutum ne mai dabara, kuma shekara da shekaru wannan bai dami kowa ba, domin dabarun ba sa aiki. Ya taɓa jawo ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, da tiyo, wai ya shayar da shukar tsakar gida, ruwan ya koma ya jiƙa bangon ɗakin baƙi. Ya taɓa haɗa tarkon ƙuda da tsohuwar fanka, ƙudajen suka mayar da ita wurin shan iska. Duk wadda ta rushe sai ya yi shiru na 'yan kwanaki, mu huta, sannan ya ɓullo da wata. Da haka muka saba, kuma zaman lafiya muke.

Sanyin Madina ba ya daɗewa, amma da asuba yana shiga ƙashi. Shi kuma maigida ya taɓa yin shita ɗaya, wato lokacin sanyi, a Tabuka yana tuƙi, inda ya hango ƙanƙara a kan dutse daga nesa. Tun daga nan ya zama malamin sanyi. In mutum ya ce yau ana ɗari, sai ya yi murmushi ya ce, "Ba ku ga sanyi ba."

A shekarar da nake magana, kukansa kullum ɗaya ne: wanit ba ta ɗumi. Yakan tayar da ita bayan sallar asuba ta yi ta ƙugi a ƙofar gida, allurar zafi na kwance kamar gawa. Ya kama hanyar Khaibar, hita na hura masa iskar firji har ya yi nisa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A bazarar da ta wuce shi da kansa ya sa aka cire ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwan inji har ya yi ɗumi, ya zo da shi gida a leda yana nuna wa baƙi, wai Turawa ne suka sa shi don ƙasarsu, a Madina kashe inji yake yi. Na tuna masa.

"Maigida, ba abin nan da ka cire ba ne? Yana nan a durowar kicin, tare da su cokula."

"Ke wannan maganar inji ce," in ji shi. "Iska ce ke shiga ta hanci tana sanyaya lagireto. A Tabuka rufewa ake yi."

Da kwalin dabino ya fara. Ya yanka shi, ya ɗaure da waya a kan ragar gaban motar, hoton nonon dabino ya fito ɓaro-ɓaro a tsakanin fitilu biyu. Ya yi 'yan kwanaki yana yawo da shi, sai aka yi ruwa. Kwalin ya zama fate-fate, ya maƙale a ragar, ya wuni yana sakato shi da tsinken tsire. Na ce alhamdu lillahi, an gama wannan.

Ashe ba a fara ba. Washegari ya shigo da yankin tamfol a hammata, ya ce in ba shi awon ɗinkina. Ya fita ya durƙusa gaban mota yana aunawa, yana ƙwala mini lambobi ta taga. Ya ce tamfol a waje, bargo a ciki, igiya a kowace kusurwa, sannan 'yar taga a tsakiya mai zif, wadda za a buɗe in rana ta ɗaga.

"Wane bargon?" na tambaye shi.

"Wancan na kan kujerar kicin. Na ga ba a amfani da shi."

Shi ne wanda nake rufe ƙafata da shi da asuba ina haɗa masa shayin tafiya, domin gilashin tagar kicin ɗin ya fashe tun bara, kuma yana cikin abubuwan da zai duba in ya samu sarari. Na gaya masa haka. Ya ce ai ni ina kusa da wuta.

Na ɗinka. Keken ɗinkina na gyaran rigunan yara ne, bai san tamfol ba, allurai suka yi ta karyewa. Yana tsaye a kaina yana cewa layin ya karkace. Ban yi gardama ba, don na san ƙarshen dabarunsa. Na ɗauka ko iska ta yi gaba da ita a hanya, ko zif ya cije, ko inji ya tafasa, ya dawo gida ya yi shirunsa.

Da safe, ko shara ban gama ba, wayata ta yi ƙara. Maigida ne.

"Kin ji?"

"Me zan ji?"

"Tsaya." Sai na ji huuu a kunnena. Ya kara wayar ne a bakin hita. "Zafi ne wannan. Ban ma fita gari ba. Na cire safar hannu."

Abin ya yi aiki. Ban taɓa tunanin abin da zai same mu ranar da ya yi daidai ba, kuma da na yi tunanin da na karkata ɗinkin da gangan.

Ya raɗa wa rigar motar suna farwa, kamar jibbar gashin da maza ke yafawa a shita. In an fito masallaci sai ya bi motocin maƙwabta yana ɗora tafin hannu a hancinsu, yana girgiza kai. Wani maƙwabcinmu mutumin Cadi, mai tsohuwar mota irin tasa, ya ce shi ma yana so, kuma da gaske yake, tasa ma ta amfana. Wannan shaida ɗaya ta ishi maigida. Ya yanke cewa babu motar da za ta ƙara shan sanyi a danginmu. Bargunan gida suka fara ɓacewa. Na koma tela, ba lada ba la'ada, shi kuma in ana yabo sai ya ce, "Ai zanen ne aikin, ɗinki kowa ma ya iya."

Shi ne babba a gidansu, saboda haka duk Juma'a a gidanmu ake cin abincin rana. Akwai ƙanensa, akwai mijin 'yarmu, akwai kuma mijin ƙanwarsa da ke zaune a Al-Ranuna. Wannan na ƙarshen ma'aikacin ofis ne, haifaffen nan, yana jin Hausa sarai amma da Larabci yake amsawa. Kalmar Hausa ɗaya da ba ya saki ita ce Yaya, da ita yake kiran maigida. Mutum ne mai kunya, ko ruwa ba ya sha kafin babba ya sha. A shekarar ya sayi sabuwar mota fara, irin mai ido a gaba, wadda ke ganin abin da ke gabanta ta yi ƙara.

Bayan an ci abinci maigida ya fito da farwarsa a naɗe, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Taka ce. Na auna tun waccan Juma'ar kana salla."

Bawan Allah ya dubi tamfol, ya dubi motarsa. Ya fara cewa da Larabci ai tasa tana ɗumi da wuri.

"Haka kake gani," in ji maigida. "Ni na zauna a Tabuka."

"Abshir, ya Yaya," in ji shi, wato an gama. Ya tsaya yana kallo aka ɗaure wa motarsa bargon ɗakin yara.

Da magariba ƙanwar ta kira ni. Ta ce tun daga ƙofar gidanmu motar ta fara kuka. Farwar ta rufe idon, motar ta ɗauka bango ne a gabanta. Fitilu suka cika allo, ƙara ba tsayawa, yara na kuka a baya. Sai da suka sha kwana ya tsaya ya cire.

"To ku gaya masa mana," na ce.

"Anti, ke kin gaya masa?"

Juma'ar da ta biyo ina saman bene ina shanya, sai na hango farar motar ta tsaya a bayan kantin kwanar layinmu. Mijin ƙanwar ya fito cikin farar riga mai guga, ya duba hagu da dama, ya buɗe but, ya ɗauko farwa. Ya tattare riga ya tsuguna ya ɗaura. Sannan ya shiga, ya taho a hankali, mota na ƙara tit-tit-tit har ƙofar gida. Ban gama shanya ba sai ga ƙanen maigida, ya tsaya a wuri ɗaya, ya yi abu ɗaya. Mijin 'yarmu ya zo ya tarar ba wurin tsayawa, ya jira a bayansa. Babu wanda ya kalli ɗan'uwansa. Daga baya har mai kantin yakan fito da kujera ranar Juma'a ya zauna.

Shi kuwa maigida yana ƙofar gida yana tarbarsu. Yakan zagaya kowace mota, ya ja igiya, ya shafa tamfol.

"Ya take yanzu?"

"Bambanci babba, ya Yaya," in ji mijin ƙanwar da Larabci, idonsa a ƙasa.

"Wannan ƙarar fa?"

"Haka take yi in ta ji ɗumi."

Maigida ya gyaɗa kai, wai dama ya yi zaton haka.

Ban faɗa masa ba, kuma ba don tausayi ba. Na san in ya ji labarin idon, ba haƙura zai yi ba. Zai koma ya sake zane, ya ce a huda wa idon rami, a yi masa leɓe, kuma ni ce zan zauna kan keke. Na bar manyan mutane su ci gaba da tsugunno a bayan kanti.

A Madina zafi ba ya sallama. Ka kwana da bargo, ka tashi kana neman mukayyif. Da zafin ya juyo, maigida ya yi sanarwa a kan faranti wata Juma'a: shita ta wuce, kowa ya cire farwa, a wanke a adana, wanda ya bari kuma inji ya ƙone kada ya ce ba a gaya masa ba. Ƙanensa da mijin 'yarmu suka ce to, da saurin da ya kamata ya ba shi shakka. Mijin ƙanwar ba ya nan, ofis sun tura shi Riyad. Matarsa tana kicin tare da ni, ba ta ji ba.

Ranar da ya dawo ana rana mai ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Muna kicin muka ji tit-tit-tit daga kwana. Ƙanwar ta ajiye ludayi ta dube ni. Muka leƙa ta taga, ga farar mota tana tahowa a hankali da bargonta a hanci, mai ita yana murmushin ladabi.

Maigida ya fita ba takalmi.

"Tun daga Ranuna ka taho da ita haka? A wannan ranar?"

Ƙanensa da mijin 'yarmu na tsaye a bakin ƙofa, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Mijin ƙanwar ya fito daga motar. Abu biyu ne a gabansa: ko ya ce a kwana ya ɗaura, kuma haka yake yi tun farkon shita, ko ya yarda shi sakarai ne. Ya dubi tagar da muke. Matarsa ta ja baya.

"Na manta, ya Yaya," in ji shi. Da Hausa ya faɗa, abin da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

Maigida ya yi masa wa'azi a tsaye cikin rana. Ya ce abu ne mai lokaci, ba ado ba ne. Ya ce ga zif nan ma ko buɗewa bai yi ba. Ya ce mutum ya yi karatu har ana tura shi Riyad, amma bai san inji na numfashi ba. Sannan ya sa aka buɗe bonet don kowa ya ga ɓarnar da aka yi. Ya kai hannu a hankali, ya taɓa nan, ya taɓa can. Ya duba ruwa. Ya leƙa allura. Komai lafiya lau.

Ya daɗe yana kallon injin. Na ce a raina yau dai ya gano.

Ya ɗago ya dubi ƙanensa. "Ka gani? Daga Ranuna har Uhudu, da tsakar rana, a rufe, ko gezau. Da wani ne ya yi wannan zanen da tuni ta kama wuta."

A kan abinci ya yafe masa, har ya tura masa tsokar da ta fi girma. Mijin ƙanwar ya ci yana gumi. Mu kuma a kicin ƙanwar ta cusa gefen mayafi a baki tana dariya har hawaye, tana cewa Allah ya isa tsakaninta da tamfol.

Da shita ta zagayo, ranar Juma'ar farko da aka yi sanyi, mijin ƙanwar ya zo da iyalinsa a tasi. Ya ce motarsa na wurin gyara, kuma da alama za ta daɗe. Maigida ya jajanta masa, ya ce motocin yanzu ba su da ƙwari. Mai tasin na shirin juyawa maigida ya ɗaga masa hannu ya tsaya, ya zagaya gaba ya ɗora tafinsa a hancin motar. Na ji yana tambayarsa ko da asuba yake fita aiki.